Ni Ne Ban Sa Wa Tukunyar Alama Ba

Assalamu alaikum. Wallahi na sha wuya kafin in iya rubuto wannan, wata biyu ke nan abinci ba ya shiga. A ɓoye sunana, kuma don Allah kar a zage ni, wanda nake yi wa kaina ya isa.

Lebura ne ni a wani asibiti a ƙasar Birnin Gwari, shekara goma sha tara ina tura gado, ina ɗaukar tukwanen oksijin. Ƙa'idarmu, tukunyar da iskarta ta ƙare a sa mata alama da alli, a ware ta gefe. Ran nan ina sauri in je in kwaso masarata, don kun san yanzu ba mai yarda la'asar ta same shi a bakin daji, sai na jingina wadda ta ƙare cikin masu iska, ban sa alamar ba. Bayan na tafi aka kawo wani dattijo daga Kuyello, numfashi na sarƙe masa. Ita aka jawo masa. Kafin a gane a sauya, ya cika. 'Yan'uwansa suka ce kwana ne ya ƙare, amma ofis ya ɗora wa Sistar da ke bakin aiki, wai ba ta duba ba. Ni ba wanda ya tambaye ni. Wa ke tambayar lebura?

Sai jiya wasu suka zo daga Kaduna da fom, wai suna auna ko ma'aikata na iya faɗin kuskure ba tsoro. Ba a sa suna. Turancina bai kai ko'ina ba, sai Sistar nan ta ce, "Baba, kawo in karanta maka, kar ka dangwala hannu a sayar da gonarka." Har da dariya! Matar da za a dakatar ƙarshen wata, ga 'ya'ya uku.

Ta fara karanto tambayoyin: "In ka yi kuskure, kana faɗa?"

Na ce, "Ina faɗa."

"Ka taɓa ganin an hukunta wani kan laifin da ba nasa kaɗai ba?"

Na ce, "Ban taɓa ba."

Ta ɗago ta dube ni. "Haba Baba, har da ni?" Na sunkuyar da kai. Ta rubuta abin da na ce.

In na faɗa, korata za a yi, a shekaruna ina zan nufa? Gonar ma rabinta ba ya shiguwa. In na yi shiru, ita za ta tafi. Yau da safe na je ofishin shugaban asibiti na ƙwanƙwasa. Ya ce, "Lafiya, Baba?" Na ce kwandon shara na zo ɗauka. Na ɗauka na fito.

Jama'a, me zan yi?