Inna, na kai takwararki bakin teku

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarsa, ni ce ɗiyarki Rabi. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma tun da na dawo daga tafiya nake neman wanda zan ba labarin nan, ɗakinki na Argungu kuma a rufe yake. Shi ya sa na rubuta shi a nan, duk wanda ya karanta ya sa ki a addu'a.

Inna, ɗiyata Zulai ta sauka lafiya. Cikin nan da kika shafa kina kwance a gadon jinya, mace ce. An sa mata sunanki, muna kiranta Ummi, don bakina ba zai iya kama sunan ba. Likita ya hana Zulai doguwar tafiya, sai ni na bi ta can Kwatano, inda mijinta Nasiru yake sayar da albasa, na yi mata wankan jego. Ni da ban taɓa wuce Sakkwato ba, ga ni a ƙasar Benin.

Kin san abin da ya tsaya mini a rai. Duk jikan da aka haifa a gidanmu, ranar da uwarsa ta yi arba'in ke kike ɗaukarsa zuwa gulbi. Ki shiga har gwiwa, ki yi bismilla, ki tsoma ƙafafunsa, ki shafa masa ruwa a ka. Kina cewa, "Ruwan ga shi ke ciyar da mu, gara su san juna tun da wuri."

Ni kuwa tun ranar da gulbi ya ci ƙanena Sani muna yara, ban sake sa ƙafata a ciki ba. 'Ya'yana duka ke kika kai su, ina tsaye can nesa a gindin bishiya. 'Yan uwa suna mini dariya, wai ɗiyar masunta mai gudun ruwa. Ke ba ki taɓa yi ba, ko sau ɗaya.

Ranar arba'in, Zulai ta yi kwalliya amma fuskarta ba walwala. Tana sa wa jaririya riga ta ce, "Mama, duk zuri'ar Inna an kai su ruwa. Takwararta ce kaɗai za ta tashi ba a kai ta ba." Nasiru ne ya ce ya san wani gari a bakin teku, Gran Popo, babu hayaniya, mu je ko iska mu sha.

Inna, da kin ga garin nan da kin ce mutanensa ba su da aikin yi. Titi ɗaya, bishiyoyin kwakwa sun yi masa rumfa. Mai shago yana barci a kan benci, akuya tana kwance ƙofarsa, babu mai tashin wani. Muka sayi kwakwa, mai sayarwa ta gama hirarta tsaf kafin ta fasa mana. Sai ga warin bandar kifi ya bugi hancina, irin na bayan ɗakinki sak. Na tsaya a tsakiyar titi kamar an kira sunana.

Sannan na ga tekun. Ba shi da tsallake, Inna. Na yi ta duban inda gaɓar can take, babu. Maza sun yi layi suna jan igiyar tarun kamun kifi a hankali suna waƙa, ba gaggawa. Ruwan kuwa sai ruri yake. Na ja da baya.

Nasiru ya lura da ni. Ya ce, "Mama, bari in ɗebo a roba, sai ki jiƙa mata ƙafa a nan inuwa." Yaron kirki ne. Amma na ce masa Inna ba ta taɓa kai wa jariri ruwa ba, jaririn take kai wa ruwa. Kuma aikin kaka ne, ba na uba ba. Na karɓi Ummi.

Wata tsohuwa mai bandar kifi ta ga inda na nufa, ta taso tana kaɗa hannu. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta ja ni gaba zuwa wani wuri da ruwan yake da sauƙi, ta tsaya a bayana ta damƙe ƙugun zanena.

Na tsaya a kan busasshen rairayi, na ce bari in tara ƙarfin hali tukuna. Na ɗauka irin gulbinmu ne, yana bin hanyarsa, sai kin je masa. Ashe teku zuwa yake yi. Kafin in gama Fatiha ya taho ya rufe mini ƙafa har ƙwauri, yana komawa yana zare rairayi daga ƙarƙashina. Inna, na ga fuskar Sani. Na ji Zulai tana cewa, "Mama, dawo, a bari!"

Ban koma ba. Na ƙara taku biyu har ya kai mini gwiwa. Da ya sake tahowa na sunkuya, na yi bismilla, na tsoma ƙafafun Ummi, na shafa mata a ka. Ko kuka ba ta yi ba, sai ta miƙe 'yan yatsun ƙafarta tana neman ƙari.

Daga nan na ɗebi ruwan na kurkure baki yadda kike yi in kin gama. Gishiri zalla! Na tofar ina tari, tsohuwar nan ta yi dariya har ta kusa sakina. Nasiru ya ce, "Mama, wannan ba gulbinku na Rima ba ne, miyar ma an riga an sa mata gishiri." Ni ma dariya nake, hawaye na zuba, ban san wanne ya fi yawa ba.

Mun ci kifin tsohuwar a inuwar kwakwa, zanena yana bushewa a jikina. Da daɗi, amma bai kai naki ba. Hayaƙin ya yi masa yawa.

Abin da nake so ki sani ke nan. Matar Aminu, ɗan Yaya Bello, watan haihuwarta ya kama. Na je Argungu na ce musu kada su nemi wata tsohuwa daga maƙwabta. Ranar arba'in ni zan kai jaririn gulbi. Yaya Bello ya dube ni ya daɗe, sai ya juya yana gyara komarsa ta kamun kifi don kada in ga idonsa.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya makwancinki, Ya haɗa ki da Sani a Aljanna. Ya raya takwararki, Ya ba ta halinki. Amin.

Taki har abada,
Rabi,
Nassarawa, Birnin Kebbi.