Na Tafi da Makullin Motarki

Renita,

Laifinki ɗaya ne, ba ki iya cewa a'a ba. Da an kira daga gidan tsofaffin nan da kike aiki sai ki zabura, ko lomar farko ba ki haɗiye ba.

Jiya da kika dawo kin ɗaura mini tawul a wuya, kin yayyanka mini kaza, kin ɗauke ni wata tsohuwar da kike kula da ita a can, kina cewa, "Buɗe baki, Madam Pruitt." Na ce, "Ke, kakarki ce, haƙorana suna nan." Kika zauna kina kallon cokali, hawaye na zuba.

Da safe sun sake kira, wai ma'aikata ba su zo ba. Na ce kina barci. Na san in ba ki je ba, wani tsoho zai wuni a jiƙe babu mai juya shi. Wannan ba ni da amsarsa, gaban Ubangiji zan kai shi. Amma Yesu ma yakan janye daga taro ya huta, kuma ba ki fi shi ba.

Na tafi addu'ar mata a coci, makullin motarki yana jakata. Akwai miya a firji, ki ci a zaune. Kada ki kira su.

Dubi abin da kika rasa. Wurinki cikin mawaƙan coci an ba 'yar Dorinda. Rigunanki duk sun yi miki yawa. Ranar baftismar ɗanki Terrell kina kan benci kina gyangyaɗi. Ya fito daga ruwa yana neman fuskar uwarsa, tawa ya samu.

Kakarki Ozella