Haƙorin Yusur da Maganar Auren Najat

Duz, 2 ga Afrilu

Zuwa ga Yayata Hadda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Shazili da yara. Yaya sanyin Marsiliya, yaya kuma gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya. Baffa Balƙasim ya warke daga mura, har ya koma hawan dabino duk da an hana shi, wai shi ba a haifi yaron da zai koya masa faɗowa ba tukuna.

Yaya, kin tambaye ni ra'ayina kan Munsif, mutumin Binzart ɗin nan da ke neman ƙanwarmu Najat, tunda ta ce abin da yayyenta biyu suka yanke shi za ta bi. Ban ko bari kin rufe baki ba na ce a ba shi. To, na janye, kuma bakina ba zai iya faɗin dalili a waya ba. Ban san Munsif da wani aibu ba. Amma gaskiya abin da ya fi burge ni a tare da shi, nisan garinsu ne.

Shekara uku na yi ina koyar da 'ya'yan mutane a Oman, Najat tana nan tana riƙe da nawa. Na bar Yusur tana shekara uku, Iyad kuwa ko tafiya bai ƙware ba. Wata shida ke nan da dawowata, har yau in ɗaya ya faɗi, gabana yake wucewa da kukansa ya nufi ɗakinta. Shi ya sa da hutun makaranta ya zo, mutane suka fara fita sahara da tantunansu kamar kullum, na ce wa maigidana Lutfi mu ma mu kai yara su yi kwanansu na farko a waje, mu huɗu kawai. Yusur ta ce ita ba inda za ta je ba tare da Inna Najat ba. Lutfi, uban 'yan tsokana, ya ce in dai ina son a kwana lafiya, gara a loda Najat a mota tun kafin a loda tukunya. Kowa ya yi dariya, ni ma na washe baki don kar a gane ni.

Na tafi da sabon tanti da murhun gas da na sayo a Maskat, ina ji da kaina. Da muka isa, Najat ta ce min a hankali ƙofar tantin tana fuskantar iska. Na ce mata ai na karanta takardarsa. Kafin magariba yashi ya cika mana shimfiɗa, murhun ya mutu sau huɗu, Lutfi yana ta yi masa ta'aziyya, wai Allah ya jiƙan baƙo, ƙasar ce ba ta karɓe shi ba. Najat kuwa sai ta miƙe. Ta hura itace, ta kwaɓa fulawa, ta binne gurasa cikin toka da yashi mai zafi yadda mahaifiyarmu take yi. Yara suka yi ta kakkaɓe tokar da tsumma suna ihu kamar an yi musu albishir da Aljanna. Biskit ɗin da na kawo, tururuwa ce ta ci moriyarsa. Da lokacin barci ya yi, Iyad ya tsorata da duhu, sai a ranar na san ba ya barci sai ya riƙe kunnen mutum. Na miƙa masa nawa. Ya shafa, ya shafa, ya ce wannan ba shi ba ne.

Duk wannan mai sauƙi ne. Haƙorin Yusur na gaba ya yi sati biyu yana girgiɗi, ni kuma tun ina Oman nake ƙiyasta ranar da zan tsaya bayanta ta jefa wa rana haƙorinta na farko, kamar yadda kika tsaya bayana a kan soronmu. Da safe tana cin dabino sai ya fita. Ina zaune kusa da ita, har gwiwarmu tana taɓa juna, amma ta zabura ta yi wajen Najat da jini a leɓe tana kiran Inna, Inna. Ina kallo Najat ta dunƙule mata hannu a kan haƙorin, ta juyo da ita, ta ce wannan aikin uwa ne, maza ta je wurin Mama. Yarinya ta zo, don an aiko ta. Muka hau tudun yashi, na koya mata ta ce wa rana ta karɓi haƙorin jaki ta ba ta na barewa. Ta faɗa daidai, ta wurga da ƙarfinta. Sannan ta waiwaya ta bayan kafaɗata, tana neman idon Najat don ta ji ko ta yi kyau.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Yaya. Kishi nake yi da ƙanwata, kishi mai zafi, kuma kirkinta ya fi komai ƙona min rai. Da ta ƙwace haƙorin ta jefa da kanta, da na sami abin yin faɗa na huce. Amma ta ɗauki 'yar da na haifa ta ba ni kamar sadaka, ni kuma na karɓa hannu biyu. Yarinyar da ta ajiye karatunta don 'ya'yana, ita nake so a kai ƙarshen ƙasa don in sami wuri. Babbar ya uwa ce, don haka ki zauna da Baffa ku bincika mutumin nan tsakani da Allah, ki kuma tambayi Najat abin da zuciyarta take so. Ni kada a sa bakina a ciki.

Jiya ina yi wa Yusur kitso sai ta jawo kaina ta raɗa min cewa haƙori na biyun ma ya fara motsi. Zuciyata ta yi fari tas. Sai ta ƙara da cewa kada in faɗa wa kowa, so take ta ba Inna Najat mamaki. Na yi mata alkawari, kuma zan cika, don shi ne abu na farko da ta taɓa ba ni ajiya.

Ki gaishe min da Shazili, da Rim da Anis, da Goggo Mabruka in kin je wajenta. Lutfi da Baffa suna gaisuwa. Najat ma ta ce in gaishe ki, ita ce ma za ta kai takardar nan gidan waya. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Manjiya