Ka Bar Mini Zauren Baba

Camberwell, London
Yuli, 1976

Yaya Zailani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Mu ma lafiya lau, sai zafin bana da Turawa ke ta kuka da shi, mu muna dariya.

Yaya, na ji kana shirin rushe zauren marigayi Baba bayan Sallah, ka ɗora na bulo da siminti kamar yadda kowa ke yi yanzu. Maganar ta tsaya mini a rai.

Ka san maigidana Uwaisu da son sabon abu. Ya sayi wani kango a nan, cikin jerin gidajen nan masu manne da juna, wai ya haura shekara ɗari da hamsin. Rufi na yoyo, tantabaru sun tare a sama. Shi a tunaninsa irin na gida za a yi, a kwashe tsoho a sa sabo. Har ya kawo ma'aikata su ɓalle tagogin katako, sai ga mutumin council, wato hukumar gari, ya ce doka ta hana a canza fuskar gidan, gyara kawai, shi ma irin na da. Uwaisu ya yini yana mita, wai ya sayi gida an naɗa masa mai gida. Ni ma na taya shi.

Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Jane, ta roƙe ni in bar ta ta shiga gidan, don a nan aka haife ta. Na riƙe hannunta muka hau bene. Ta tsaya kan wani mataki da tsakiyarsa ya lotsa, ta ce, "Har da ƙafar mahaifiyata a waɗanda suka cinye katakon nan." Ita ba ta yi kuka ba, ni na yi. Dakalin Baba na tuna, inda bayansa ya goge bango har ya yi sheƙi.

Na san zauren yana cin yaɓe kowace shekara, kai kake fama, ni ina nesa ina ta baki. Ka yi haƙuri da ni. Ka gina sauran gidan yadda kake so, ka bar mini zauren. 'Yarka Saudatu da na haifa a nan ba ta taɓa ganin kakanta ba, in na yi mata Hausa ma da Turanci take amsawa. Ran da na kawo ta, so nake in ɗora hannunta a bangon nan in ce mata nan yake zama. Ba ni da wani abu nasa da zan nuna mata sai shi.

Ka gaishe mini da Inna, da Talatu, da Kawu Lawal. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Karimatu