Ba zan sauke akwatina daga kan zogale ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Ku matso ku ji, shawararku nake nema saboda Allah.

Ni matar aure ce a Jibiya, ba na fita ko'ina, Innata kuma tana Maraɗi, ƙafa ta hana ta tafiya. Kullum bayan la'asar in yayana ya taso daga kasuwa sai ya miƙa mata waya mu yi bidiyo kol, wannan lokacin kaɗai gare mu. Ina da ɗan akwatin intanet mai layin Nijar, a kan zogalen tsakar gida na rataye shi don nan yake kamawa. Ba shi da gudu, hoton dishi-dishi, amma muryarta ba ta taɓa yankewa ba, ko numfashinta ya canza ina ganewa.

To sai wani Alhaji maƙwabcinmu ya jawo kebul daga shagonsa na bakin boda yana raba wa gidaje, maigidana ya amsa masa a majalisa bai ko tambaye ni ba. Haka na sauke akwatina muka koma kan kebul ɗin. Gaskiya da safe gudu kamar me, har tsagar fuskar Inna za a ƙirga. Amma la'asar na yi, direbobin da ke jiran a buɗe masu hanya sun hau, masu kallon ƙwallo sun hau, sai abu ya tsaya cak. Ranar Laraba Inna na ba ni labarin ciwonta fuskata ta daskare mata, ta yi ta magana ba amsa. Yayana ya ce kuka ta yi, wai 'yarta ta gaji da ita.

A ranar na mayar da akwatina kan zogale. Maigida ya ce in sauke, zogalen ya zarce katanga, duk mai wucewa zai ce mun raina kayan Alhaji, shi maigidan kuma ya zama ƙaramin mutum. Na ce Baban Sadiya, kebul ɗinka na nan ban taɓa ba, amma ba na haɗa layin uwata da rabin gari. Kwana uku ke nan ko kokona ba ya sha.

Jiya Inna ta yi dariya na ji ta tas. In ku ne, za ku sauke?