Motocin Baba a Ɗakin Amarya

Bakura, 11 ga Oktoba, 2021

Ɗiyata Ummu Hani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lahiya, ke da innarku Fatimatu da mutanen gida baki ɗai. Gwaggonki Hindu ce ka rubutu, amma maganar ta babanku Maccido ce. Ga shi nan zaune gabana da baƙin tabarau yana ba ni oda kamar yaron shagonshi. Tunda anka rufe layin waya mun koma zamanin da, sai takarda ta hannun Bawa direba.

Aikin ido ya yi kyau a Sakkwato, an cire yanar. Likita ya ce kada shi duƙa, kada shi yi karatu tukuna, kuma kada a ɓata mishi rai, don in jininshi ya hau idon ka shan wahala. Shi ya sa na tsare shi nan wurina sai ya warke.

To ga saƙonshi. Bai tambayi awaki ba, bai tambayi albasar fadama ba, motocinshi na wasa da ke cikin kabad ya tambaya. Ya ce ki riƙa share gilashin kabad ɗin daga waje da busasshen tsumma. Makulli na aljihunshi. Ya ce ƙarƙashin kowace mota akwai 'yan gashin tagulla guda biyu, da su take shan wuta daga tsagar titin robanta in ana tsere, kuma cikinta akwai ɗan inji. In ruwa ya shiga, an gama. Ya sake ba ni labarin yadda ya ci Turawan da sunka gina madatsar ruwan Bakolori a tsere da jar motar nan, a kulob ɗinsu, sa'ad da yana yi musu aikin lantarki. Na ce Yaya, tun ina amarya nike jin labarin ga. Ya ce in rubuta dai.

Ya ce abu na farko da yake so shi gani tar da sabon idonshi, in ya dawo Mafara, su ne. Ban yi fushi ba, na san matsayina.

Ya hidimar tarewar 'yar'uwarki Raliya? Allah shi sanya alheri. Ki gai da kowa.

Gwaggonki,
Hindu

*

Talata Mafara, 14 ga Oktoba

Yaya Falalu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya makaranta, ya Anti Hafiza da yara? Yaya, ka ajiye duk abin da kake yi ka karanta wannan, mun shiga uku.

Ka san kafintan da aka ba aikin kabad ɗin Raliya ya yi ta gobe-jibi har ranar jere ta zo. Motar kaya tana ƙofar gida, mata sun ɗaura mayafi, ba kabad. Inna ta ce ba za a kai 'yarta Maradun a jera mata faranti a ƙasa dangin miji su yi da mu ba. Sai ta dubi ɗakin Baba. Na ce Inna, a'a. Ta ce aro ne, kafin mai shi ya dawo kafinta ya gama, a musanya ba wanda ya sani. Muka je fitar da motocin, kabad a kulle, makulli na can tare da Baba. Direban motar kayan yana ta matsa hon wai yana so ya bi hanya da rana. Haka aka naɗe kabad da barguna aka ɗora, motoci na ciki, ashirin da 'yan kai, har da jar.

Shawarar ita ce in bi su a mota ta biyu, a ɓalle kwaɗon a gabana in kwashe motocin in dawo da su. Mota ta biyu ta lalace kafin mu wuce Mafara. Ba waya balle in kira wata a cikin masu jere. Sai yamma suka dawo suna guɗa, sun ɓalle kwaɗon da kansu sun yi jere da motocin, ɗaya daga cikinsu Ikilima tana cewa ba ta taɓa ganin uba mai dabara irin Baba ba, wai ya yi wa 'yarsa kayan ado da babu irinsu a Maradun.

Jiya kuma takardar Gwaggo ta iso, cike da gargaɗin Baba a kan motocin. Na karanta wa Inna. Tun daga lokacin ko ruwan koko ba ta sha ba.

Kai ne a Maradun. Don Allah ka je gidan Raliya ka kwaso su a jaka, ka ba Bawa. Kabad ɗin ma ji da shi daga baya. Ina jin tsoro ƙwarai, Yaya, ba don faɗan Baba ba, ka san ba ya faɗa. Shirunsa nake tsoro, da idon nan.

Ƙanwarka,
Ummu Hani

*

Maradun, 17 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Ummu Hani,

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina sanar da ke cewa takardarki ta same ni, kuma na je gidan Raliya kamar yadda kika nema. Ba zan ce na gaya muku ba, tunda ba wanda ya tambaye ni.

Al'amarin ya fi yadda kike zato. Na farko, kwasowa ba za ta yiwu ba. An jera motocin a saman bene biyu na kabad ɗin, faranti da kofuna a ƙasa, kuma duk dangin ango sun gani. Uwar mijinta, Hajiya Taibatu, da kanta take jawo baƙi ta nuna musu. Ina zaune wasu mata suka yi sallama, ba amarya suka zo gani ba, motoci. Kin san abin da ake cewa idan kaya suka ɓace daga ɗakin amarya bayan an gama kallon jere. Za a ce kayan aro aka kawo ta da su, kuma sunan zai bi ta har 'ya'yanta. Da na ɗauko zancen, Raliya ta rufe ƙofa ta yi ta kuka. Ta ce in na ce a kwashe za ta kwashe, amma in fara gaya mata da wane ido za ta dubi Hajiya gobe da safe.

Na biyu ya fi muni. Na lura motocin suna wani irin ƙyalli, kuma lambar da ke jikin shuɗiyar ta ɓace. Na tambaya. Kin san ƙa'idar masu jere, ba abin da ke hawa kabad sai an wanke shi. Sun ga ƙura a jikinsu, sai suka zuba su a baho tare da kofuna, da ruwan sabulu da soso. Ikilima har da tsohon buroshi ta bi ƙarƙashinsu.

Na aro batirin babur na taɓa wayoyi a gashin jar motar, yadda Baba yake yi muna yara. Ko motsi. Na gwada wasu biyu, haka. Na daɗe ban ji abin da na ji a ɗakin nan ba. Na tuna yadda yake shimfiɗa titin a zaure ranar sallah, ya ba ni abin matsawa ɗaya, ya bar ni in ci shi sau ɗaya kawai.

Shawarata, a rubuta wa Gwaggo ta riƙe shi a Bakura har idon ya yi ƙwari, sannan ni in je in gaya masa a hankali. Ki lallashi Inna ta ci abinci.

Wassalam. Yayanki,
Falalu Maccido

*

Talata Mafara, 19 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina wuni, ya jiki, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Gwaggo, wannan taki ce ke kaɗai, kada ki karanta a gaban Baba.

Motocin suna Maradun a ɗakin Raliya, an yi jere da su bisa kuskure, kuma an wanke su da ruwa. Yaya Falalu ya gwada, ba sa tashi. Laifin namu ne ni da Inna. Abin da muke roƙo, ki riƙe mana shi ko da mako biyu ne. Ki ce hanya ba kyau, ki ce kina son ya ga girbin shinkafarki, ki ce duk abin da ya zo bakinki. Ke ce kika iya shi.

Ki yafe mana wahalar da muka ɗora miki.

'Yarki,
Ummu Hani

*

Bakura, 24 ga Oktoba

Ummu Hani,

Bayan gaisuwa, ki zauna tukuna, ki kira innarku ta zauna, ki karanta da ƙarfi.

Takardarki ta makara. Kwana ɗaya kafin ta iso, Inno ta Dakko, wadda ɗiyarta ka aure Maradun, ta taho yi wa babanku sannu da ƙwaryar fura. An yi gaisuwa, an yi ya jiki, an yi ya ƙarin sauƙi. Sai ta gyara zama ta ce, Malam Maccido, kai dai ka fidda ɗiyarka kunya, na shiga ɗakin Raliya na ga motoci cikin gilashi, tas da su, an ce sai da anka canza ruwa sau biyu kafin su yi haske hakan ga. Ni ban san komi ba, har ina taya ta murna. Da na dubi Yaya sai na ga ludayi ya tsaya mishi tsakanin ƙwarya da baki.

Ya aje ludayin, bai sake taɓa furar ba har ta tafi. Da la'asar na aika anka kira mai awon jini. Ya hau, amma bai kai inda likita ya tsoratar da mu ba. Da takardarki ta iso washegari ban ga amfanin ɓoyo ba, na karanta mishi duka, har da inda kinka ce ni na iya shi.

Da na gama ya ce, Hindu, da sunka wanke, rana sunka shanya ko inuwa? Na ce ina zan sani, ni ina wurin? Ya ce a tambaya. Bawa ya kai tambaya Maradun ya dawo da amsa, rana, bisa tabarma, tun hantsi har azahar, don masu jere ba su sa jiƙaƙƙen abu cikin kabad. Ya ce to a kawo mishi jar. Raliya ta gaya wa uwar mijinta babanta na son ganin guda da sabon idonshi, Hajiyar da kanta ta naɗe ta cikin ɗankwali.

Jiya munka koma wurin likita, ya duba ya ce ido ya zauna, shi cire baƙin tabarau in yana inuwa. Muna dawowa ya ce in ba shi man keken ɗinkina, da allura, da 'yar sukundireba. Ya zauna bakin ƙofa ya buɗe cikin motar. Ummu Hani, rabon da in ga hannun Yaya cikin ƙaramin aiki irin wanga tun kafin yanar ta rufe shi, shekaru ke nan yana shafa su kawai da yatsa. Ya kankare sabulun da ya bushe ga gashin tagullar, ya ɗiga mai, ya hura, ya sake ɗigawa. Ya sa anka kawo batir. Karo na farko shiru. Na biyu ta yi wani ɗan tari. Na uku ƙafafun sunka kama juyawa da ƙara kamar zuma ta shiga kwalba.

Ya riƙe ta kusa da fuska yana kallo, ya ce ashe akwai ɗan direba ciki mai farar hula, ya mance kamanninshi. Ni na shige ɗaki na yi kukana, na ji daɗi har cikin raina. Ku ci abinci, ku yi barci. Sauran magana ya ce shi za shi rubuto da kanshi.

Gwaggonki,
Hindu

*

Bakura, 26 ga Oktoba

Falalu, Ummu Hani, Raliya,

Assalamu alaikum. Ni ne da hannuna, ku yi haƙuri da rubutun, layin na karkata.

Kabad na Raliya ne, na ba ta, ba aro ba ne. Motoci su zauna inda suke. An ce mata na zuwa kallo, ni a ɗakina ba mai ganinsu, ni ma ban gani. Amma kowace Juma'a a ba Bawa guda shi kawo min Mafara in gyara, in ta tashi in mayar a kawo wata. Duk wanda ya tambaya, a ce ta tafi ganin makanike. Falalu, shuɗiyar lamba bakwai ce, ka nemo min fenti fari.

Jar tana wurina sai na gaji da kallonta.

Ku ce wa innarku ban yi fushi ba, da ni ne da ɗiya ba kabad da abin da zan yi ke nan. Ina nan tafe Juma'a in Allah ya so, ta yi min tuwon shinkafa. In tana share ɗakina kafin in iso, kada ta wanke min rediyo.

Allah shi yi muku albarka.

Babanku,
Maccido