Biyu Sau Talatin da Ɗaya, a Cire Ɗaya

Zuwa ga aminina Malam Isiyaku, a can ƙasar sanyi inda karatun lissafi ya kai ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da lambarka.

Kaset ɗin da ka aiko ya iso. Na tara iyali, na sa a rikoda, muna jiran ka ce yaushe za ka dawo. Ka gaishe mu a numfashi ɗaya. Sauran kaset ɗin, ciki da bai, na lambar nan 2,147,483,647 ne.

Na saurara dai, don kada a ce malamin adabi ba ya jin lissafi. Ka ce ba ta rabuwa da kowace lamba sai da kanta da ɗaya. Ka ce 'yar dangi ce: a jera biyu sau talatin da ɗaya, a ninka su, a cire ɗaya, sai ga ta. Talatin da ɗayan ma, ka ce, daga gidansu ta fito. Ka yi ta jero asalinta kamar maroƙi a ƙofar ango.

Sai muryarka ta yi laushi da ka ce ba ta da abokiyar tagwaitaka, wato wata marar rabuwa a tazarar biyu da ita: ka ƙara mata biyu, uku ya raba, ka rage biyu, biyar ya raba. Wai ita kaɗai ce a unguwarsu. Isiyaku, tausayin lamba kake ji? Ni da ka bari a Suleja fa?

Ka tuna ɗakinmu na haya a unguwar Hashimi, lokacin da ma'aikatan Legas suka cika gari, muka rasa wanda ya fi shi? Katifa ɗaya, bokiti ɗaya. Kullum a motar Abuja kai ke ɓare goro, ka miƙo mini ɓari, ka ce, "Allah Ya yi shi biyu ne don kada a ci shi kaɗai." Ashe mai wannan magana zai je ya ƙaunaci abin da ba ya ba kowa ɓari.

Har yau hannuna bai daina ba. Ina ɓarewa, in ci nawa, ɗayan ya yini a aljihu. Matata Maman Hauwa ta gaji da tsintar busasshen goro in za ta yi wanki.

Na sake sauraron wajen da ka ce biyu, biyu, biyu, sannan a cire ɗaya. Ban yi nisa a lissafi ba, amma na gane wanda aka cire.

Ba na ce ka rabu da ita ba, tunda ka ce ba ta san rabuwa ba. Amma kai da bakinka ka ce ɗaya yana shiga cikinta. To, ka aiko da wani kaset, ka faɗi watan dawowarka, in san ko ni ne ɗayan.

Allah Ya ba ka abin da ka je nema, Ya tsare ka daga sanyi, Ya dawo da kai tun haƙoranmu na iya goro.

Naka, mai riƙe da ɓarinka,
Bala